Na'urar safiyo ba ruwa take gani ba

Duk lokacin da masu safiyo suka zo duba wurin haƙa burtsatse a Bauchi, sai ka ji ana cewa na'urarsu tana hango ruwa a ƙarƙashin ƙasa kamar talabijin. Ba haka ba ne.

Wadda ake ratayawa a kafaɗa ana bin layi da ita, siginar rediyo take saurara mai dogon zango ƙwarai, kilohaz 15 zuwa 30. Tashoshin sojan ruwa na ƙasashe irin su Amurka ne ke watso ta don magana da jiragen ƙarƙashin teku. Irin wannan sigina tana ratsa ƙasa fiye da ta FM. Idan ta tarar da tsagar dutse mai danshi sai ta karkace, karkacewar nan kawai na'urar ke aunawa.

Garin Bauchi kan dutse yake zaune, ruwansa a tsagogi yake maƙalewa, shi ya sa aikin ke da amfani. Amma jiƙaƙƙiyar laka ma haka take karkatar da siginar, wayar lantarki da bututun ƙarfe kuma su rikita awon. Abin yana ci mini rai in ga unguwa ta haɗa kuɗi da ƙyar, an haƙa bisa awo guda, sai ƙura ke fitowa. Ku nemi a maimaita da awon da ake kafa ƙarafa a tura lantarki cikin ƙasa.