Daraktan fim ɗin komik ba sai gwanin faɗa ba

A hirar matasa a Nima, nan Accra, ana yawan cewa fim ɗin da aka ɗauko daga littafin komik, irin na Marvel, ba a ba wa kowa shi sai daraktan da ya saba da faɗa da fashe-fashe. Maganar tana da dalili, don faɗan ne ke fara jan ido. Amma tana damuna, domin tana ɓoye ainihin aikin darakta.

A manyan kamfanoni, yawancin faɗan nan akwai masu tsara shi na musamman, kuma sau da yawa ana zana shi a kwamfuta tun kafin a kunna kyamara. Abin da ake nema wajen darakta shi ne ya fahimci zuciyar labarin, ya kuma iya da 'yan wasa.

Misali, darakta Ryan Coogler ya fara ne da Fruitvale Station a 2013, ƙaramin fim kan wani saurayi baƙar fata da ɗan sanda ya harbe a Oakland. Bayan fim ɗinsa na dambe mai suna Creed, aka ba shi fim ɗin Marvel, Black Panther na 2018, labarin gadon sarauta da rikicin dangi, wanda ke buƙatar mai sanin yadda ake nuna ciwon rai.