Ba duk sunadaran kumburi ne abokan gaba ba

Malam marubuci, na gode da wannan labari kan ɓerayen da aka ɗura wa farasitamol fiye da ƙima, har sunadaran garkuwar jiki irin su TNF-alpha da IL-6 suka yi tashin gwauron zabi a hantarsu. Sai dai ka ɗora wa sunadaran laifin lalacewar hantar duka, kuma a nan ne ban yarda ba.

Ɓarnar farko daga maganin take. Hanta na mayar da wani kasonsa guba mai suna NAPQI. Da zarar gubar ta cinye glutathione da ke tsaron ƙwayoyin hanta, sai su fara mutuwa, musamman na kewayen jijiyar jini da ke tsakiyar kowane ƙaramin sashe na hanta, ALT, sinadarin da ake aunawa don gane raunin hanta, kuma ya malalo cikin jini. Bayan haka ne ƙwayoyin Kupffer, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikin hanta, ke sakin waɗannan sunadaran. Shi IL-6 ɗin ma yana cikin masu taimaka wa hanta ta sake tofo, don haka toshe shi ɗungurungum abin tsoro ne.

Wane irin ɓera aka yi amfani da shi? Ɓerayen gwaji na babban jinsi (rat) sun fi na ƙaramin jinsi (mouse) jure farasitamol nesa ba kusa ba. Kuma awa nawa bayan ɗurin aka auna?