Gara da Garmin bai faɗa hannun Microsoft ba

A shekarar 2007 wata jita-jita ta karaɗe kasuwar hannun jari ta Amurka da shafukan labaran fasaha, cewa Microsoft na shirin saye Garmin, kamfanin da ya yi suna wajen ƙera na'urar nan mai nuna wa direba hanya. Cinikin bai yiwu ba. Shekara biyar bayan haka maganar ta sake tasowa da sababbin sunaye, aka ce Apple zai haɗiye TomTom na ƙasar Holan. Shi ma bai tabbata ba. A ganina duk mai amfani da taswira, a mota ne ko a waya ko a gona, ya ci ribar rashin tabbatar waɗannan maganganu biyu. Kuma in raɗe-raɗin ya sake kunno kai, wanda ina kyautata zaton zai kunno, ya dace hukumomin da ke sa ido kan gasar kasuwanci su ƙi amincewa.

Wanda bai riski zamanin ba zai yi mamakin yadda na'urar ta yi tashe. Ɗan akwati ne da bai wuce tafin hannu ba, a liƙa shi a gilashin gaban mota da wata roba mai tsotso, a jona igiyarsa a ramin kunna sigari. Ka rubuta inda za ka, murya ta riƙa gaya maka ka yi dama, ka yi hagu, in ka wuce kwanar ta sake lissafa maka wata hanya. Gary Burrell da Min Kao ne suka kafa Garmin a jihar Kansas a 1989. TomTom kuwa a Amsterdam aka kafa shi a 1991, kuma na'urarsa ta TomTom GO da ta fito a 2004 ita ta shigar da abin motocin talakawan Turai. Zuwa 2007 ana sayar da miliyoyinsu duk shekara.

Sai dai masu kuɗin sun san darajar ba a akwatin take ba. Siginar da yake kamawa daga taurarin ɗan'adam na GPS kyauta ce, mallakar rundunar sojin Amurka, kuma tun watan Mayun 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina rage mata daidaito ga farar hula. Allo da batir kuwa duk masana'antar da ta ga dama a Taiwan ko Sin za ta iya haɗawa. Abin da ke da wuyar samu shi ne taswirar da ke ciki. A lokacin kamfanoni biyu ne kacal ke da cikakkiyar taswirar titunan Turai da Amurka wadda mota za ta iya bi: Navteq na birnin Chicago da Tele Atlas na Holan. Aikinsu na wahala ne. Ma'aikata su shiga mota mai kyamarori a samanta, su bi titi ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta wane ne ba a shiga ta baya, ina aka hana juyawa, gadar nan tsayinta nawa ne don kada tirela ta maƙale, lambar gidaje daga wane ɓangare ta fara. Su gama, baɗi a sauya titin, su koma. Shekaru da dama da kuɗi masu yawa suka shiga cikin wannan aiki, shi ya sa ba wanda ke iya tashi rana ɗaya ya ce zai yi nasa.

A kan waɗannan kamfanoni biyu aka yi kokawar gaske a 2007. A watan Yuli TomTom ya taya Tele Atlas. A farkon Oktoba Nokia ya sanar da sayen Navteq a kan dala biliyan 8.1. Garmin ya waiwaya ya ga kamfanin da yake sayen taswira a wurinsa ya koma hannun mai ƙera waya, ɗayan kuma na shirin komawa hannun babban abokin hamayyarsa. Sai shi ma ya taya Tele Atlas, ya sa Yuro 24.50 kan kowane hannun jari. TomTom ya ɗaga zuwa Yuro 30, jimilla kusan Yuro biliyan 2.9. Garmin ya janye a watan Nuwamba, ya ƙulla yarjejeniyar dogon zango da Navteq. A irin wannan yanayi jita-jitar Microsoft ta samu gindin zama. Mutane sun ga kamfani mai miliyoyin masu saye amma ba shi da taswirar kansa, ga kuma wani mai tulin kuɗi da ke neman hanyar shiga aljihun jama'a da motocinsu, sai suka ce ai haɗin ya yi.

A kan takarda haɗin ya yi kyau. Abin dubawa shi ne yadda Microsoft ya yi da masu ƙera na'ura da suka shiga hannunsa a daidai waɗannan shekaru. A farkon 2008, 'yan watanni bayan jita-jitar, ya sayi Danger, kamfanin da ya ƙirƙiro wayar Sidekick da matasan Amurka ke rububi. Abin da ya fito daga wannan ciniki shi ne wayar Kin, wadda aka janye daga kasuwa a 2010 ba ta cika wata biyu ba. Na'urarsa ta kansa ta sauraron kiɗa, Zune, ita ma an daina ƙera ta a 2011. Mafi girma shi ne sashen wayoyin Nokia, wanda ya kammala saye a 2014 a kan Yuro biliyan 5.44. A watan Yulin 2015 ya rubuta asarar dala biliyan 7.6 a kan cinikin, ya sallami ma'aikata 7,800. Agogon motsa jiki na Microsoft Band, wanda ke fage ɗaya da agogunan Garmin, an tsayar da shi a 2016. Ban ce injiniyoyinsu ba su iya aiki ba. Matsalar ita ce a cikin kamfani mai wannan girma, sashen da ke ƙera na'urar masunta ko ta matuƙa ƙananan jiragen sama ba ya cikin abin da shugabanni ke kwana suna tunani. Da zarar dabarar kamfanin ta juya, sashen ne farkon wanda za a yanke.

Garmin da ya tsaya da ƙafarsa shi ma ya sha wuya. Ranar 28 ga Oktoban 2009 Google ya sanar da cewa wayoyin Android za su riƙa nuna hanya da murya kyauta. A ranar darajar hannun jarin Garmin ta faɗi da kusan kashi 16 cikin ɗari, ta TomTom da kusan kashi 20. A Janairun 2010 Nokia ya bi sahu. Wayar da Garmin ya gwada yi tare da Asus ba ta karɓu ba. Kasuwar akwatin mota, wadda ta kasance mafi yawan kuɗin shigarsa, ta riƙa zaizayewa shekara bayan shekara. Amma saboda ba shi da wata sana'ar da zai koma, dole ya nemi inda waya ba ta iya maye gurbinsa. Ya ƙarfafa agogunan 'yan gudu da masu hawan dutse, na'urorin jiragen ruwa masu nuna zurfin ruwa da inda kifi yake, da allunan tuƙin jiragen sama. A 2016 ya sayi DeLorme, ya samu na'urar inReach mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam daga inda babu sabis. Ya kuma ƙera Autoland, tsarin da ke saukar da ƙaramin jirgi da kansa idan matuƙi ya kasa, fasinja ya danna maɓalli ɗaya kawai. A 2024 kuɗin shigarsa ya kai dala biliyan 6.3, kusan ninki biyu na abin da yake samu lokacin da akwatin mota ke ganiyarsa. Ban ga yadda za a yi wannan juyi ba a ce sashe ne a ƙarƙashin masu sayar da Windows.

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a tsallake ta ba. Manyan kamfanonin manhaja su ne suka mayar da taswira kyauta. Direban haya a Abuja ko Legas da ke bin Google Maps a waya mai araha ba zai taɓa sayen akwatin dala ɗari biyu ba, balle ya riƙa biyan kuɗin sabunta taswira. Wannan alheri ne na gaske, kuma kuɗin talla ne ya kawo shi. Amma kyautar tana da farashi biyu. Na farko shi ne bayanin zirga-zirgarka. Tsohon akwatin Garmin karɓar sigina kawai yake yi, ba ya gaya wa kowa inda ka kwana. Wayar kuwa da wannan bayani ake biyan kuɗin taswirar, shi ya sa Google ya kashe kusan dala biliyan 1 a 2013 ya sayi Waze, manhajar Isra'ila da direbobi ke ciyar da ita da labarin cunkoso. Na biyu shi ne abin da ke faruwa bayan kowa ya dogara da kai. A 2018 Google ya sauya tsarin kuɗin da yake karɓa daga masu ƙera manhajoji da ke amfani da taswirarsa, farashin ya yi tashin gwauron zabo ga da yawa daga cikinsu, kuma ƙananan kamfanoni suka shiga neman wata mafita. Sun samu mafitar ne saboda akwai sauran masu taswira da ba a haɗiye ba.

A nan TomTom ya fi Garmin muhimmanci. Cinikin Tele Atlas ya kusa karya shi, domin a farkon 2009 ya rubuta asarar kusan Yuro biliyan 1 a kansa, kuma a shekarar ce Microsoft ya maka shi a kotu kan haƙƙin ƙirƙira kafin su sasanta cikin 'yan makonni. Duk da haka ya rayu a matsayin mai sayar da taswira ga duk wanda ya zo da kuɗi. Lokacin da Apple ya rabu da taswirar Google a 2012, TomTom na cikin waɗanda ya sayi bayanai a wurinsu. Sabuwar manhajar ta fito da kurakurai har shugaban Apple na lokacin, Tim Cook, ya fito ya nemi afuwa, 'yan sandan Ostireliya kuma suka gargaɗi direbobi cewa tana kai masu neman garin Mildura tsakiyar daji. Daga nan ne raɗe-raɗin cewa Apple zai saye TomTom ya taso. A ce ya tabbata, da me Huawei zai yi a 2019 da gwamnatin Amurka ta raba shi da manhajojin Google? A farkon 2020 aka bayyana cewa ya ƙulla yarjejeniya da TomTom, kuma hakan ya yiwu ne saboda kamfanin na Holan ne mai zaman kansa. Kamfanonin motocin Jamus sun fahimci wannan tun da wuri. A 2015 Audi da BMW da Daimler, waɗanda ke gasa da juna a kasuwa, suka haɗa kuɗi Yuro biliyan 2.8 suka sayi HERE, wato tsohon Navteq, daga hannun Nokia, don kada taswirar da motocinsu ke bi ta zama mallakar wani kamfanin manhaja.

Mu ma a arewacin Najeriya mun ga abin da dogaro da taswirar wani ke haifarwa. Kamfani yana zana inda yake ganin kuɗi ne. Lokacin da aka matsa ƙaimi wajen yaƙi da cutar shan-inna a wajejen 2012, an gano cewa ƙauyuka da rugage da yawa a jihohi irin su Kano da Jigawa da Katsina ba sa cikin kowace taswira da ma'aikatan riga-kafi ke riƙe da ita, wasu ma zanen hannu ne. Sai da aka zauna da hotunan tauraron ɗan'adam, aka tura mutane suka tabbatar da sunan kowane ƙauye, aka kuma bai wa ayarin masu riga-kafi wayoyi masu GPS don a ga gidajen da aka shiga da waɗanda aka tsallake. Hukumomin lafiya da ƙungiyoyi irin su eHealth Africa da ke Kano ne suka yi aikin, da tallafin gidauniyar Gates. Babu kamfanin talla da zai ɗauki wannan nauyi. Haka safiyon da ke tsaye a bakin gona da 'yar na'urar Garmin eTrex mai ruwan ɗorawa a hannu, yana jiran ta kama taurari ya rubuta lambobin iyaka a littafinsa. Batir biyu irin na tocila take ci, ba ta neman data, ba ta neman ya buɗe asusu da kowa. Irin wannan kaya kamfanin da sana'arsa ke nan ne kaɗai zai ci gaba da ƙera shi shekara ashirin.

In manyan kamfanonin manhaja taswira suke buƙata, akwai hanyar da ba sai sun saye mai ita ba, kuma Microsoft da kansa ya bi ta daga baya. Yana amfani da bayanan TomTom a tsarin taswirarsa na Azure Maps bisa yarjejeniya. Tun 2010 ya bai wa masu aikin sa-kai na OpenStreetMap, taswirar kyauta da jama'a ke zanawa, damar zana tituna daga hotunan sama na taswirarsa ta Bing. A Disambar 2022 kuma shi da Amazon da Meta da TomTom suka kafa gidauniyar Overture Maps don tara bayanan taswira da kowa zai iya ɗauka. Ba don Allah suka yi ba, tsoron Google ne ya haɗa su, amma sakamakon ya fi saye amfani ga jama'a.

Haɗarin bai wuce ba. Darajar TomTom a kasuwa yau ta yi ƙasa ƙwarai da abin da ya biya ya sayi Tele Atlas, ba ta wuce kuɗin da Microsoft ko Apple ko Amazon ke samu cikin 'yan kwanaki ba. Motoci masu tuƙa kansu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira duk suna ƙara buƙatar taswira mai inganci. Abin da ke riƙe da kamfanin shi ne waɗanda suka kafa shi har yanzu suna da kaso mai tsoka na hannun jarin, kuma mutum ba ya dawwama. A 2008 Hukumar Tarayyar Turai ta amince da cinikin Tele Atlas da na Navteq bayan bincike, bisa hujjar cewa masu sayen ba za su ci riba ba in suka hana abokan hamayya taswira. Wannan lissafi ya yi aiki a kan TomTom, wanda da sayar da taswirar yake ci. Ba zai yi aiki a kan kamfanin da ke da waya da manhaja da kasuwar talla ba, wanda zai iya rufe ƙofa ya yi asarar kuɗin lasisi ba tare da ya ji a jikinsa ba. Ranar da irin wannan takarda ta isa teburin hukumar a Brussels, wannan bambanci ne ya kamata ta fara dubawa.