Turmin Uwargida Ya Tafi Biki

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Tawa, uwargida ta fita cefane, sai ga yarinyar sababbin maƙwabtanmu, Abzinawa da suka taso daga Abalak, ta zo aron turmi da taɓare biyu. Na ba ta da hannu bibbiyu, domin haƙƙin maƙwabtaka ba abin wasa ba ne.

Da uwargida ta dawo ta tarar da geron da za ta surfa yana jira, sai ta ce, "Malam, ƙafar da ta ba da turmi ita za ta ɗauko shi."

Na shiga gidan da fuska a murtuke, amma abin da na gani ya kashe mini baki. An rufe bakin turminmu da fatar akuya, an ɗaure taɓaren a gefensa, mata biyu sun zauna a kansu domin fatar ta ɗame, wata tana yayyafa mata ruwa, wata kuma tana dukan ƙwaryar da aka kifa cikin ruwa. Ashe tande ke nan, gangar bikin Abzinawa, wadda masana ke cewa daga gare ta samarinsu suka ɗauko salon jitar da ake rububinsa har Amurka da Faransa.

Tsohuwar gidan ba ta jin Hausa, ni kuma Tamashek ɗina bai wuce gaisuwa ba. Saboda haka na dunƙule hannuwa, na shiga ɗagawa da saukewa ina kwatanta daka, ina nuna turmin da haɓa. Nan take aka rangaɗa guɗa. Mai kiɗa ta daidaita dukanta da hannuna, wani Bazabarme malamin makaranta ya shigo fili yana kwaikwayona, Bafillacen da ya kawo nono ya jingine sandarsa ya bi sahu. Duk lokacin da na ƙara ƙarfi domin a fahimce ni, sai tafi ya ƙaru, har wani dattijo ya manna mini dala ashirin a goshi.

Ana haka uwargida ta faɗo, mayafi a ɗamare. Ta tsaya, ta kasa kunne, ta ce ai wannan lugude ne ba hatsi, sannan ta tsuguna kusa da mai ƙwarya ta karɓi tafi. A daren nan shinkafar biki muka ci.

Turmin ya dawo yana ƙaurin akuya, furarmu ma ta ɗauka. Yanzu kuma an aiko cewa akwai suna wata mai zuwa, ana son turmin, kuma tsohuwa ta ce lallai a haɗo da mai rawar.