Marvel ta wanke Thor har ta wanke masa armashi

Thor ɗin da ake ba yara labarinsa a nan Norway, inda nake zaune, daban yake da wanda Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro wa kamfanin Marvel a 1962, wanda Chris Hemsworth ya fito a matsayinsa a fim ɗin 2011. Ni kuwa na nan ya fi burge ni nesa ba kusa ba.

Na fim yarima ne mai gashi ruwan zinare. Na asali jan gemu gare shi, ga ci, ga saurin fushi, abin bautar manoma ne kafin zuwan Kiristanci. Bunsuru biyu ke jan kekensa. In yunwa ta kama shi sai ya yanka su ya cinye, da safe ya ɗaga guduma a kan ƙasusuwan su miƙe. Gudumar ma babu zancen sai wanda ya cancanta zai iya ɗaga ta kamar a fim, domin har sace ta wani ƙato mai suna Thrym ya taɓa yi, ya ce ba zai mayar ba sai an aura masa Freyja, allahiyar soyayya. Thor aka yi wa lulluɓi aka kai a matsayin amarya. A wajen biki amarya ta cinye sa guda da manyan kifaye takwas, ango ya saki baki, Loki, abokin tafiyar Thor, yana ta kare ta da cewa ɗokin aure ne ya hana ta cin abinci kwana takwas.

Loki ɗin nan Gizo ne sak: shi zai ƙulla tsiyar, shi zai kwance ta. Ba ƙanin Thor ba ne kamar a fim, da Odin mahaifin Thor suka yi rantsuwar 'yan'uwantaka. Hel kuwa, sarauniyar matattu, 'yar Loki ce, amma fim ɗin 2017 ya mayar da ita yayar Thor.

Abokan aikina ko a jikinsu. Sukan kalla su yi dariya, tunda Snorri Sturluson ya rubuta da yawa daga cikin labaran a Iceland tun wajen 1220, babu fim ɗin da zai goge su. Ni ne dai baƙo mai taya su kishi. An kawo bunsurun a fim ɗin 2022, na yi murna, ashe ihu kawai aka kawo su yi. Ko ɗaya ba a yanka ba.