A daina sauya wa ɗalibi sharaɗi yana tsakiyar karatu

Ban musa cewa karatun jami'a yana cin kuɗi ba. Malami sai an biya shi albashi, ɗakin gwaje-gwaje sai an zuba masa kayan aiki. Abin da yake ƙona min rai shi ne yadda gwamnatoci suke juya kuɗin makaranta yadda suka ga dama. Kowace ta hau mulki sai ta zo da nata tsarin, ta rushe na baya, ba ruwanta da iyalin da suka zauna suka yi lissafin shekara uku ko huɗu kafin su tura ɗansu. Da wane dalili za a wayi gari a ce musu lissafin nan ya tashi daga aiki?

A dubi Ingila. Kafin 1998 ɗalibi ɗan ƙasa ba ya biyan kuɗin koyarwa. Gwamnatin Tony Blair ta sa fam 1,000 a shekara, a 2006 ya koma 3,000, a 2012 ya kai 9,000. Kafin zaɓen 2010, Nick Clegg, shugaban jam'iyyar Liberal Democrats a lokacin, da 'yan takarar jam'iyyarsa sun sa hannu a takarda cewa ba za su goyi bayan ƙari ba, ɗalibai suka yarda da su. Shekarar ba ta ƙare ba sai ga Clegg, yana mataimakin firaminista, ya jefa ƙuri'ar amincewa da ƙarin. Daga baya ya fito ya ba da haƙuri, amma haƙurin bai rage wa kowa ko fam ɗaya daga bashinsa ba.

Wanda ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne abin da aka yi wa waɗanda suka ci bashin karatu daga 2012. An ce musu ba za su fara biya ba sai albashinsu ya wuce fam 21,000 a shekara, kuma za a riƙa ɗaga wannan adadi yadda albashi yake hawa. Yara 'yan shekara 18 suka sa hannu a kan haka. A 2015 gwamnati ta ce ta fasa, adadin zai tsaya inda yake. Sai da aka yi ta kuka sannan aka ɗaga shi a 2018. Da banki ne ya sauya sharaɗin bashi bayan an sa hannu, da kotu aka maka shi. To me ya sa idan gwamnati ce sai a kira shi gyaran tsari? A 2016 kuma aka soke tallafin zama da ake bai wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, aka mayar da shi bashi, wato wanda ya fi talauci shi ne zai fita da bashi mafi nauyi. Waɗanda suka shiga daga 2023, shekara 40 bashin zai yi yana binsu kafin a yafe, a maimakon 30.

Masu tsara waɗannan manufofi ba sa ganin inda suke sauka. Ba sa ganin uwar da take zaune da biro da takarda cikin dare, tana soke wannan tana rage wancan, lissafin ya ƙi cika. Ba sa ganin ɗalibin da ya buɗe shafin rajista ya tarar an rufe masa saboda bai cike kuɗi ba, abokan karatunsa suna ɗakin jarabawa shi yana bakin ofis yana roƙon a ƙara masa mako guda. Wani daga nan ya bar karatu ke nan: ga bashin shekara biyu, babu takardar shaida.

Ko alherin ma haka ake yin sa, babu shiri. A Amurka, Joe Biden ya yi shelar yafe wa masu bashin karatu har dala 10,000, wasu ma har 20,000, a 2022, miliyoyin mutane suka cike takardu, suka sake tsara rayuwarsu, a Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta soke shirin. A Kenya gwamnatin William Ruto ta kawo sabon tsari a 2023 mai raba ɗalibai rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfin iyayensu, a Disamban 2024 babbar kotu ta ce ya saɓa wa tsarin mulki. A tsakanin shela da hukunci, ɗalibi bai san nawa ake binsa ba. A Afirka ta Kudu sai da ɗalibai suka rufe jami'o'i a Oktoban 2015, suka sha hayaƙi mai sa hawaye, kafin shugaban ƙasa na lokacin, Jacob Zuma, ya janye ƙarin kuɗin makaranta na shekara mai zuwa. Sai an fasa kawunan yara sannan za a saurare su?

Kada a ce min babu yadda za a yi. Jamus ta gwada kuɗin koyarwa a wasu jihohinta, kimanin yuro 500 a zangon karatu, jama'a suka ƙi, zuwa 2014 duk jihohin sun soke shi, kuma jami'o'inta ba su rufe ba. Zaɓi ne na kasafin kuɗi, masu mulki ne suke yin sa.

Idan dole sai an ƙara, a sanar tun kafin yara su nemi gurbi, a zauna da ɗalibai da iyaye. Kuɗin da ɗalibi ya shiga a kansa ya zama shi zai biya har ya gama. Sharaɗin bashi kuma a sa shi cikin dokar da wani minista ba zai iya taɓawa ba bayan an sa hannu.