Intabiyu ta Zoom a Gombe: ni suka gwada ko sabis ɗin unguwarmu?

Shekara biyu ke nan da na gama bautar ƙasa, ina zaune a Gombe ina tura takardu duk inda na ji ana ɗaukar ma'aikata. Ranar Litinin ɗin makon jiya wata ƙungiya da ke Abuja ta turo min imel: za su yi min intabiyu ranar Alhamis, ƙarfe 11 na safe, ta Zoom. Sai da na yi sujadar godiya, Umma har da guɗa. Na ce alhamdulillahi, an hutar da ni tafiyar yini guda ta Bauchi da Jos da Akwanga, an hutar da ni kuɗin mota da na masauki.

Kwana uku aka ba ni. Kamata ya yi in ƙarar da su ina karanta ayyukan ƙungiyar, ina bitar amsoshi. Wallahi ko awa huɗu ban samu na zauna da littafi ba. Neman wuta da neman sabis ne suka cinye sauran.

Tun ranar Lahadi rabon unguwarmu da wuta. Tun da aka kasa masu amfani da wuta aji-aji, aka ce 'yan ajin farko, wato Band A, za su riƙa samun awa 20 a rana, mu na ƙasa sai abin da ya rage, in ya rage. Takardar biya kuwa ba ta taɓa makara ba. Abin da ke ƙara ƙona min rai, ga madatsar ruwan Dadin Kowa nan kusa da mu, tana da injinan da za su iya ba da megawat 40, amma ni 'yar Gombe ina yawo da kwamfutar aro a cikin jaka ina neman inda zan jona ta. Batirinta ya riga ya mutu, ana zare waya take ɗaukewa ɗif.

Ranar Laraba na gwada kira da ƙawata da ke Bauchi. A cikin ɗaki sabis sanda ɗaya. A tsakar gida, gindin darbejiya, sanda biyu, sai dai ga rana, ga kukan awaki, ga 'yan Keke suna ta hon a bakin titi. Wannan shi ne sabis ɗin da aka amince a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, aka ce don a inganta shi ne. Ina ingancin? Na sayi data mai yawa don kada ta yanke, na kuma ari layin Yaya na wani kamfanin daban, ko da ɗaya zai ƙi.

Yaya, Allah ya saka masa da alheri, shi ya aro ƙaramin janareta wurin abokinsa a Jekadafari, ya sayo litar mai biyu da kuɗin da ya kamata ya yi cefane da su. Kowa ya san yadda mai ya koma tun cire tallafi a Mayun 2023. Ya ajiye injin a zaure, ya ja doguwar waya har ɗaki don kada ƙara ta shiga. Umma ta tura yara maƙwabta, ta ciro farin zanen gadonta daga akwati muka rataya a bango don ya rufe inda fenti ya ɓare. Na ɗora kwamfutar kan littattafai har kyamarar ta daidaita da fuskata. "Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata," in ji Yaya, "ina zaure, injin ba zai mutu ba."

Injin bai mutu ba. Mutum uku ne a allon, mata biyu da namiji ɗaya. Tambayar farko na amsa ta yadda nake so, har na ga ɗaya tana gyaɗa kai. Tana cikin yi min ta biyu, kan yadda ake tattara bayanai a ƙauyuka, abin da na fi ƙwarewa a kai, sai fuskarta ta daskare, baki a buɗe, ɗan zoben nan yana ta juyawa a tsakiyar allo. Hannuna na rawa na sauya zuwa layin Yaya. Minti huɗu kafin in koma. Suka ce ba sa ji na sosai, in kashe kyamara. Na kashe. Muryata na zuwa musu guntu-guntu. Sai na ga namijin ya duba agogo, ya ce akwai wasu suna jira, za su tuntuɓe ni. Rabin awa aka ware min, minti 14 na samu, gumi ya jiƙa min hijabi sharkaf.

Na kira kamfanin layin. Bayan dogon jira, aka ce in kashe wayar in kunna. Shi ke nan amsar da aka ba mutumin da ya rasa damar da ya yi shekara biyu yana jira.

Amma fushina bai tsaya kan masu wuta da masu layi ba. Ku masu ɗaukar aiki, aikin nan fa na shiga ƙauyukan Dukku da Nafada da Balanga ne. Kun san halin da yankin ke ciki, don shi kuke neman ma'aikata. Ina dalilin da za ku zauna a ofis mai sola da intanet mai ƙarfi ku auna mu da abin da ba ya hannunmu? Lambata na saman takardata. Me zai hana ku ɗaga waya ku kira ni kai tsaye mu ƙarasa? Wanda gidansu ke da sola shi zai fito fes, ko da kuwa bai taɓa taka ƙauye ba. Wannan ba adalci ba ne, kuma ba ni kaɗai ake yi wa ba.

A ranar na rubuta musu imel cikin ladabi, na roƙi a sake ba ni ko minti goma ne, ko ta kiran waya. Yau kwana shida, shiru. Zanen gadon Umma na nan a bango, ta hana a cire, ta ce wataƙila su sake kira. Kullum bayan sallar asuba sai ta leƙo ɗakina ta ce, "Sun turo?"